Gidan haya a sabuwar unguwa: abin da bidiyon dillali ba ya nunawa

Duk mai yawo a TikTok ko Facebook ya san irin bidiyon nan. Dillali ya riƙe waya, ya tura get, kyamara ta bi tsakar gida mai intalok, ta shiga falo mai tayil da silin fi-o-fi, ta leƙa kicin, ta fito. An ɗora kiɗa mai sanyi, an rubuta "sabo dal, na ango ne" a ƙasa, sai lambar waya. Kafin awa guda an cika wurin sharhi da "nawa ne?" da "Allah Ya ba mu", wasu kuma suna ta kiran sunan masoyansu su zo su gani. Abin da ba za ka taɓa gani a bidiyon ba shi ne lokacin da dillalin ya juya kyamara ta kalli layin. Da ya juya, da ka ga kango uku a jere, da gonar wani bawan Allah da ba a riga an yanka ba, da hanyar da ruwan sama ya zaizaye har ta zama rafi.

A Kano yanzu, saurayin da zai yi aure kuma ba shi da gidan gado, da wuya ya samu wurin zama a cikin ganuwa ko a tsofaffin unguwanni irin su Fagge da Gwammaja, sai in kuɗinsa sun yi magana. Gari ya cika ya tumbatsa. Ƙananan hukumomi takwas ake lissafawa a ƙwaryar birni, amma gini ya riga ya tsallake su ya faɗa ƙasar Dawakin Kudu da Tofa da Gezawa da Dawakin Tofa. Don haka sababbin ma'aurata suna ta yin gaba: bayan Danbare zuwa Janguza a titin Gwarzo, cikin Kumbotso da Panshekara, bayan Mariri, gefen Dawanau. Haka abin yake ga ma'aikacin Abuja da ke kwana a Mararaba ko Masaka ko Suleja. Ba laifi ba ne, kuma ba abin kunya ba ne. Unguwannin da ake taƙama da su yau, iyayenmu sun san lokacin da ake noma gero a cikinsu.

Abin da muke ja a kai shi ne lissafin da ake yi kafin a karɓi mukulli. Yawancinmu lamba ɗaya muke kallo, wato kuɗin hayar shekara. Mu kwatanta ta da ta cikin gari, mu ga rata, mu ce mun yi dace. Alhali ita wannan lamba ƙofar shiga ce kawai.

Fara da kuɗin mota. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, nisa ya zama kaya mai tsada. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a gidajen mai da dama. To a ce kai yaron shago ne a Kwari, ko kana gyaran waya a Farm Centre, ko ma'aikacin ofis ne a sakatariyar Audu Baƙo. A ce A Daidaita Sahu biyu kake hawa kafin ka isa, biyu kafin ka dawo, ga ɗan guntun tafiyar da ke tsakanin titi da gida, kuma duka suna cin naira 2,000 a rana. Kwana 26 a wata, naira 52,000 ke nan. A shekara, 624,000. Wannan misali ne kawai, kowa ya sa lambar da ta dace da shi, amma ka duba ka gani: akwai wanda kuɗin motarsa na shekara ya fi kuɗin hayarsa, shi kuma yana nan yana murna ya samu gida mai araha. Ka kuma tuna mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Ba mu sa zuwan Madam gidan iyayenta ba, da biki, da suna, da dubiya, waɗanda duk a cikin gari suke.

Sai ruwa. Matatun Tamburawa da Challawa da Watari ba su gama wadatar da tsofaffin unguwanni ba, balle wurin da aka yanka shekaranjiya, inda ko bututu ba a binne ba. A irin waɗannan unguwanni ruwa hanya uku yake zuwa: rijiya, ko burtsatse, ko ɗan garuwa da kurarsa. Idan dillali ya ce maka "akwai ruwa", tambaye shi wane iri. Rijiyar da ke cike a watan Satumba tana iya komawa laka a watan Afrilu. Burtsatse kuma ba ya tashi sai da wuta ko janareta ko sola, kuma in injinsa ya ƙone, sai a fara zaman wa zai biya tsakanin mai gida da 'yan haya. Shi ɗan garuwa farashinsa na bin nisa da zafin rana. Amarya sabuwa da wankin ta da na miji, balle in an samu ƙaruwa, kura guda ba ta kwana biyu.

Maganar wuta ta fi ban haushi. A yawancin sababbin unguwanni mazauna ne ke haɗa kuɗi su sayi turaku, su sayi waya, wani lokaci har taransifoma. Kai da ka zo haya, ranar da ka tare za a kawo maka takardar karo-karo, kuma kunya ba za ta bar ka ka ƙi ba. Sannan tun watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A zuwa sama da naira 200 kan kowane yunit, sanin rukunin da layinku yake ya zama wajibi. Abu mafi hatsari shi ne gidan da ba shi da mitar kati. Bashin wuta yana bin gida ne a aikace, ko da kuwa wanda ya sha wutar ya tashi, kuma masu yanke waya ba su zo sauraron tarihi ba. Ka nemi a nuna maka takardar biyan kuɗi ta ƙarshe kafin ka biya ko sisi. In mita ɗaya ce ga gidaje huɗu, ka san ka sayi rigima da maƙwabcin da ke da firiza da hita.

Akwai kuma kuɗin 'yan sintiri, da na kwashe shara, da na cike hanya da ɓaraguzai duk damina. Ƙanana ne, amma ba sa ƙarewa.

Duk wannan lissafin aljihu ne, kuma namiji ne ya fi jin sa. Akwai wani lissafin da ba a cika yi ba, domin wadda zai faɗa wa ba a cika tambayarta ba. Yarinya ta tashi a gidan yawa, ga inna, ga yayye, ga maƙwabta da ake miƙa wa juna gishiri ta katanga. Rana ɗaya a ɗauke ta a kai ta ƙarshen gari, gida mai doguwar katanga, hagu kango, dama kango. Ango ya fita bayan asuba don ya riga cunkoso, ba zai dawo ba sai bayan isha. Tun safe har dare daga ita sai waya. Mu da muke kwana a soshiyal midiya mun san abin da zaman kaɗaici da waya ke haifarwa: kwatanta rayuwarka da ta wasu, da zargi, da ƙunci, da ƙaramar magana da ke zama babba kafin miji ya dawo. Idan tana karatu a BUK ko wata makaranta, ko tana 'yar sana'arta ta sayar da kaya ta intanet, nisa ya shiga tsakaninta da abin da take yi, domin mai kai saƙo ma sai ya ƙara kuɗi kafin ya shigo lungun.

Sannan ka yi wa kanka tambayar da ba a son yi ana cikin shagalin biki: idan naƙuda ta tashi ƙarfe biyun dare a tsakiyar Agusta, ana ruwa, wace mota ce za ta iya shigowa layin? Minti nawa ne zuwa asibitin da ke da likita a wannan lokaci? Wa za ka buga wa ƙofa? Ƙanwata, ke ma kina da bakin magana a nan. Kafin a kai kayan jere, ki ce a kai ki ki ga unguwar, ba ɗakunan kaɗai ba. Dangin amarya kan je ganin gida, amma me suke dubawa? Faɗin falo ko zai ɗauki kujeru, da bangon da za a jingina gado, da tsawon labule. Da wuya ka ji gwaggo ta tambayi inda asibiti yake ko makarantar Islamiyya.

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu matasa. Wani ɓangare na wannan wahala mu muke saya da kuɗinmu saboda idon mutane. Ciki da falo a unguwar da kake da 'yan'uwa, kusa da wurin nemanka, ya zama abin raini. Dole sai falat mai ɗaki uku, wanda ɗaki biyu za su shekara a kulle, don hoton jere ya yi kyau a Instagram. Iyayen amarya ma suna da nasu kason, masu cewa 'yarsu ba za ta zauna gidan haɗaka ba ko da me. Muna fahimtar dalilinsu, zaman haya na haɗaka yana da nasa ciwon kai. Amma saurayin da ya ci bashi ya biya hayar shekarar farko, ya ƙara da lefe da kuɗin ɗakin taro, shekara na zagayowa zai ga wata goma sha biyu ba komai ba ne. Aure da yawa da ke tangal-tangal a shekara ta biyu, in ka bi sawu, za ka tarar da saƙon mai gida a ciki.

Kada a ɗauka muna cewa masu gidaje azzalumai ne. Wanda ya yi gini a 'yan shekarun nan ya ɗanɗana kuɗarsa. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, har sai da gwamnatin tarayya ta kira masu kamfanonin zama. Rodi da kwano da tayil duk sun bi sahu. Da yawan masu gidajen nan ma ba attajirai ba ne. Wani ɗan fansho ne da ya zuba kuɗin sallamarsa, wata bazawara ce da gadon marayu ke hannunta. Kuma akwai 'yan haya da ke barin gida kamar an yi yaƙi a ciki, ga bashi sun gudu da shi. Wanda aka taɓa yi wa haka, ba za ka ga laifinsa ba in ya ce sai an ba shi na shekara a dunƙule.

Amma akwai wani rashin adalci da ya keɓanta da sabuwar unguwa, kuma shi ya kamata a yi magana a kai. Ɗan hayan farko shi ne ke raya wuri. Shi ya sha ƙura da laka, shi ya ba da kuɗin turakun wuta, da shi aka yi aikin gayya aka haƙa kwata, da kuɗinsa aka rufa masallacin layi. Zamansa ne ya sa mai shago ya buɗe, mai kemis ya zo, 'yan A Daidaita Sahu suka fara yarda su shigo. Bayan shekara biyu ko uku unguwa ta yi kyau, sai mai gida ya aiko cewa haya ta ninka, "ai ka ga yadda wurin ya zama". In ba za ka iya ba, akwai mai jira. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai ka kwashe kayanka ka ƙara yin gaba, inda za ka sake sayen wasu turakun.

Maganin wannan, gwargwadon abin da ke hannunka, takarda ce. Mun saba da "ai mutumin kirki ne, abokin Baba ne", kuma muna jin nauyin neman a rubuta. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take da kafa shaidu. Yarjejeniyar haya ta faɗi kuɗin, da ranar farawa da ƙarewa, da wanda gyaran rufi da injin ruwa da kwashe masai ke kansa, da wata nawa za a sanar da kai kafin a ƙara kuɗi, da yadda za a yi da abin da ka kashe na dindindin. In za ka sa ƙofar ƙarfe ko tankin ruwa ko ka ja wuta, a rubuta ko za a cire daga haya ko za ka tafi da abinka. Ranar da ka karɓi mukulli, wayar nan da kake kallon bidiyon dillali da ita, ɗauki naka bidiyon: kowane tsagin bango, kowane famfo, lambar da ke kan mita. Ka tura wa mai gidan ta WhatsApp don kwanan wata ya zauna. A dokokin yawancin jihohin Najeriya, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan shekara yana da haƙƙin sanarwar wata shida kafin a tashe shi, mai biyan wata kuma wata guda, kuma kotu ce ke fitar da mutum. Cire kwano ko ƙofa ko watso kaya waje ba ya cikin hurumin mai gida.

Rasit ma yanzu ya zama kuɗi. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda aka tsara ta fara aiki a Janairun 2026, ta ba ɗan haya damar a cire kashi 20 cikin ɗari na hayar da ya biya a shekara, har iyakar naira 500,000, daga kuɗin da za a lissafa masa haraji a kai. Wanda ya miƙa kuɗi a leda a ƙofar masallaci ba tare da shaida ba, da me zai nema?

Su kuma dillalai, a cikinsu akwai mutanen kirki da suka san kowane lungu, kuma suna sauƙaƙa wa mutane. La'adar kashi 10 cikin ɗari da aka saba da ita ba a ɓoye take ba. Matsalar ita ce jerin gwanon da ke kan gida ɗaya, wannan ya ji daga wancan, wancan ya ji daga wani, kowa da abin da ya ɗora, har ka rasa ainihin kuɗin da mai gida ya faɗa. Ga kuma 'yan damfara da ke kwafar bidiyon wani su sa lambarsu, su ce ka turo kuɗin gani ko kafin alƙalami "don mutane sun yi yawa a kai". Kada ka tura wa wanda ba ka gani ba, kan gidan da ba ka shiga ba. Ka dage sai ka haɗu da mai gida ko wakilinsa da maƙwabta suka sani, kuma kuɗi su shiga asusun da sunansa ya yi daidai da na kan yarjejeniya. Gaisuwa wurin mai unguwa ba ta cin komai, kuma shi ya san gidan da ake shari'ar gado a kansa, da wanda aka gina a kan hanyar ruwa, da wanda hukumar tsara birni ta KNUPDA ta taɓa shafa wa jan fenti.

Kuma ka je da ƙafarka fiye da sau ɗaya. Dillali zai kai ka da hantsi, lokacin da ko'ina ya yi kyau. Koma kai kaɗai bayan magariba ka ga ko akwai haske da motsin mutane. In damina ce, je washegarin ruwa mai ƙarfi. In rani ne, dubi gindin katangu, ruwa yana barin sa hannunsa a jikin bulo. Ka yi sallah a masallacin layin, ka tsaya wurin mai shayi, ka tambayi wani ɗan haya, ba mai gida ba, abin da ya sa wanda ke gidan kafin kai ya tashi.

Sai dai duk dabarar ɗan haya ba za ta gyara abin da hukuma ta bari ya lalace ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Duk da haka, yawancin sababbin unguwanninmu awon igiya ne: mai gona ya kira masu awo, a yanka, a bar lungun da mota biyu ba za su gifta ba, babu filin makaranta, babu na asibiti, babu inda ruwa zai bi. Sai an gama gini, mutane sun tare, sannan hukuma ta bayyana, ko da takardar haraji ko da motar rusau. A gefe guda kuma ga rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, da aka gina tsakanin 2011 da 2015 da tituna da tsari, amma da yawansu suka daɗe a rufe, har a 2025 gwamnatin jiha ta ba waɗanda suka saya wa'adin su shiga ko su ba da haya. Gidaje masu hanya babu mutane, mutane kuma suna can inda babu hanya.

Legas tun 2011 take da dokar haya da ta haramta karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, ko da yake aiwatar da ita wani labari ne. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya kai ƙudurin da zai sa a koma biyan haya wata-wata a Abuja, aka yi ta muhawara, daga nan shiru. Mu a nan ba ma sai an fara da abu mai nauyi haka ba. Majalisar jiha za ta iya wajabta rajistar dillalai, ta ƙayyade la'ada, ta sa wa'adin sanarwa kafin ƙarin haya, ta kuma hana sayar da fuloti a sabon yanki sai an fitar da hanya da magudanar ruwa da filin makaranta. 'Yan majalisar da za su yi wannan da yawansu suna da shafuka a soshiyal midiya, kuma yaransu na karanta sharhi. Mu da muke iya tara dubban sharhi a kan rigimar 'yan fim cikin dare ɗaya, ba mu taɓa cika shafin ɗan majalisar Kumbotso ko na Ungogo da tambayar ina aka kwana kan dokar haya ba.